Zare a kan zare: yadda na zagaye Kano ina neman waya mai kaurin rubu'in milimita

1/ Jama'a, yau zare ne a kan zare 🧵 Masu turo min saƙo suna tambayar da me na yi igiyoyin ƙaramar gadar nan da na saka hotonta, ga amsarku gaba ɗaya. Da ɗan tsawo fa, ku gyara zama. Ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya, ku adana shi, zai yi muku rana.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba, ina aji uku a sashen zanen gine-gine. Aikin wannan zangon shi ne kowa ya zana gadar masu tafiya a ƙasa, sannan ya gina ƙaramin samfurinta da hannunsa. Kwas ɗin ya fi kowanne nauyi a sakamako. In ka faɗi shi sai wata shekarar, ƙannenka su zo su tarar da kai.

3/ Ni na zaɓi gada mai rataye da igiyoyin ƙarfe, irin wadda ta haɗa Lekki da Ikoyi a Legas. An buɗe ta a 2013, tsawonta kilomita 1.36, kamfanin Julius Berger ne ya gina ta, kuma ita ce ta farko irinta a Najeriya. Ginshiƙi ɗaya ne dogo, kusan mita 90, igiyoyi sun sauko daga jikinsa sun riƙe titin.

4/ Tawa ƙanwarta ce. Tsawo mita 120, ginshiƙi mita 30, igiyoyi 24. An ce mu gina a ma'aunin 1:200, wato santimita ɗaya a kan tebur mita biyu ce a fili. Gadar ta koma santimita 60, ginshiƙin ya koma 15, mutum mai tsawon mita 1.7 ya koma milimita 8.5, kamar ƙwayar shinkafa.

5/ Kwali, gam, reza, fenti, duk waɗannan ba matsala, ana samu. Igiyoyin ne suka hana ni barci. A zanena kaurin kowace igiya santimita 5 ne. Raba shi gida 200, ka samu milimita 0.25. Rubu'in milimita ɗaya kenan, kamar ka haɗa silin gashi uku. Kuma kusan mita shida nake buƙata.

6/ Wani zai ce to ki sa duk wayar da kika samu mana, wa zai auna? Ma'auni ne zai tona miki asiri. Wayar da magina ke ɗaure rodi da ita, a ce milimita 1.2 ce. Ninka sau 200, ta zama santimita 24. Kin rataye gadarki da falwayar wuta kenan. Malami ba sai ya ɗauko rula ba, idonsa ya isa.

7/ Sai maganar ƙyalli. Ba don gayu ba ne wallahi. Ranar kare aiki malamai na tsayawa kamar taku uku daga tebur. Abu mai kaurin 0.25 daga wannan nisan ɓacewa yake yi, sai in yana kama haske yana mayarwa. Gada mai igiyoyi kuwa in ba a ga igiyoyin ba, kwali ne kawai aka jingina da sanda.

8/ Don haka sharuɗɗa huɗu nake nema a abu ɗaya: siriri, mai ƙyalli fari irin na ƙarfe, mai miƙewa ɗoɗar, kuma wanda ba zai saki jiki bayan kwana biyu ba. Kwana goma sha biyu suka rage min a lokacin.

9/ A intanet akwai shi kam, an yi shi musamman don masu gina ƙananan jiragen ruwa da na sama. Amma farashin da dala ne, kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan, kuma sai ya yi makonni a hanya. Abin da ke hannuna kuɗin abincina ne na wata. Na rufe shafin na ce Allah ya ba mai rabo.

10/ Mutum biyu a ajinmu da suka fara da irin gadata sun canja zane a wannan gaɓar. Sun koma gada mai ginshiƙai a ƙasa, don kawai an ce musu ba a samun wayar a gari. Abin ya tsaya min a rai. Zanen da ka yi sati shida kana tunaninsa, zare mita shida ya sa ka watsar da shi?

11/ Na fara daga gida. Zaren keken ɗinkin Umma kaurinsa ya yi daidai, amma ka ɗaga shi a haske ka ga gashi-gashi a jikinsa. Gashin da bai kai rabin milimita ba, a ma'aunina reshe ne mai santimita goma. Na goge shi da kakin zuma kamar yadda dukawa ke yi, gashin ya kwanta, amma zaren ya ƙara dushewa.

12/ Hajiya kaka tana kallona daga kan tabarma ta ce, "Ke 'yar nan, izgar doki za ki nema, ai da ita ake yin tsirkiyar goge." Kuma fa tana da gaskiya, izga siririya ce, mai ƙarfi, mai sheƙi. Illarta ɗaya, gashi yana shan laimar iska. In an yi ruwa ya saki, in an yi rana ya ɗame. Mu kuwa muna tsakiyar damina.

13/ Washegari na ja ƙanena muka shiga Kurmi wajen 'yan zare. Na ce, "Baba, zare nake nema siriri mai ƙyalli." Ya jero min irin na surfani da na aikin riga, ruwan gwal da ruwan azurfa, suna ɗaukar ido. Na ce shi kenan an gama. Na sayi ƙaramin ƙulli ɗaya na azurfa.

14/ Da na zo gida na duba shi da kyamarar wayar hannuna, na gane yadda ake yinsa. Zare ne a ciki, aka nannaɗe shi da wata siririyar leda mai ruwan ƙarfe. Kana yankawa bakin ya warware. In ka ja shi da ƙarfi ledar ta tattare. A jikin riga kyakkyawa ne, a jikin gada kamar an yi mata kwalliyar biki.

15/ Na uku, zaren fatsa na masunta. Shi ne kaɗai aka rubuta kaurinsa a jikin kwarkwaron, 0.25 ɓaro-ɓaro, har na ji kamar in rungume mai shagon. Santsi gare shi, ba gashi ko ɗaya. Amma an yi shi ne don kada kifi ya gan shi, to malamin ma ba zai gan shi ba 😭

16/ Duk da haka ga wata dabara ga mai son amfani da shi. In ka ɗaura zaren fatsa ya yi sako-sako, kunna turaren tsinke ka kawo garwashin kusa da shi, kada ya taɓa. Zafin zai sa ya ɗame nan take. In ka matso da yawa kuma ya tsinke. Ka fara gwadawa a kan guntu.

17/ Na koma kan tarkacen gida. Na fasa matacciyar iyafis. A ciki akwai silin jan ƙarfe masu launi, ja da kore da shuɗi, an murɗe su da wani farin zare. Sun yi siranta da yawa, kusan kamar gashi, numfashi kaɗai lanƙwasa su yake yi. Mai gina abu a ma'aunin 1:1000 zai ji daɗinsu. Ni ba su yi min ba.

18/ Ƙanena ne ya kawo shawarar kebur ɗin birkin keke. Hujjarsa ta burge ni: ai manyan igiyoyin gada ma ƙananan wayoyi ne aka haɗa. Gadar Golden Gate ta Amurka da aka buɗe a 1937, kowace babbar igiyarta kauri kusan santimita 92, kuma wayoyi 27,572 ne a cikinta. Ya ce to mu warware ƙarami mu ciro sili.

19/ Mai gyaran keke na bakin layinmu ya ba mu tsoho kyauta. Muka warware. Silin fari ne, kaurinsa kusa da abin da nake so. Amma ya saba da murɗiya tun daga masana'anta, duk yadda ka ja shi sai ya koma kamar taliyar Indomie. Ga tsini, ya soke ni a yatsa sau biyu. Kwana bakwai suka rage.

20/ Kafin in ci gaba, ga yadda ake auna siririyar waya ba tare da na'ura ba, don zai yi muku amfani. Nannaɗa ta a jikin fensir, zagaye na bin zagaye ba tazara. Ƙirga zagayen da suka cika santimita ɗaya a rula. In 40 ne, kaurin 0.25 ne. In 50 ne, 0.2 ne. Fensir da rula na shiga kasuwa da su daga ranar.

21/ A Sabon Gari na shiga shagon kayan kiɗa. Mai shagon ya ce, "Hajiya, jita kike kaɗawa?" Na ce a'a Oga, gada nake ginawa. Ya yi dariya ya ɗauko min tsirkiya ta ɗaya, wadda ta fi siranta. A jikin takardar an rubuta .010, wato na inci. In ka mayar da shi milimita, 0.254 ne. Kamar don ni aka yi ta.

22/ Gaskiya tsirkiyar jita ta cika sharuɗɗa huɗun nan. Fara ce tas, a miƙe take, ba ta saki. Amma kowace ɗaya kusan mita ɗaya ce, ni kuwa shida nake so, kuɗin ya fi ƙarfina. Kuma ƙarfe ne mai tauri, yana cinye bakin almakashi, in ka lanƙwasa shi ya dawo ya mare ka. Na ce masa zan dawo. Mai hali, wannan ce amsarka.

23/ Muna fitowa muka bi ta gaban rumfar wani dattijo mai naɗin kwail. Fankoki da injinan ruwa a wargaje a gabansa, bayansa kuma kwarkwaron wayoyi jere, daga mai kauri har wadda da ƙyar ake gani. Na gaishe shi na ce, "Baba, waya nake nema siririya." Bai ko ɗago ba ya ce, "Geji nawa, 'yata?"

24/ Nan na fara jin yaren da ake magana da shi. Masu naɗin kwail ba sa cewa milimita, lamba suke kira. Ma'aunin Ingila ne da ake ce wa SWG, kuma a juye yake: lamba na ƙaruwa, waya na sirancewa. Asalinsa daga yadda ake jan waya ta cikin huda ne, kowane ja yana rage mata kauri, lambarta na hawa.

25/ Ku rubuta wannan a bayan littafi:
Geji 30 = milimita 0.315
Geji 33 = 0.254
Geji 35 = 0.213
Geji 36 = 0.193
Geji 40 = 0.122
Na duba a wayar hannuna na ce, "Talatin da uku, Baba." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "To yanzu kika yi magana."

26/ Ya warwaro min kamar kamu biyu ya ce in riƙe, ba sai na biya ba. Kauri daidai, santsi daidai, laushi daidai. Launin ne kawai. Wayar kwail jan ƙarfe ce da aka shafe da banish don kada wuta ta tsallaka daga zagaye zuwa zagaye, shi ya sa take ja-ja-ja. Gadata da ta fito kamar sarƙar wuya.

27/ Na nuna masa hoton gadar Legas, na ce fara nake so irin wannan. Ya karɓi wayar hannun ya daɗe yana kallo. Ya ce, "In kin kankare banish ɗin kika bi ta da dalma, gudaji za ta yi. In kin fesa fenti, ta yi kauri. Abin da kike nema sunansa wayar fiyus. Ki je France Road, ki nemi shagon da ya tsufa."

28/ Ya ƙara da cewa kada in tsaya wajen yaran nan masu sayar da sola da fitilun zamani, ba su taso sun gan ta ba. Haka kuwa aka yi. Shago uku na farko suka ce ai yanzu bireka ake sawa. Na huɗu wani Alhaji ne mai furfura, yana jin na ce wayar fiyus ya ce, "Ikon Allah. Wutar gidanku ce ta ɗauke?"

29/ Ya sa yaronsa ya hau kan benci ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. A ciki katuna ne, kowanne an naɗe masa waya kala uku, an rubuta 5, 15 da 30. Su kuma da amfiya suke kiranta, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka. Fara sol, tana walƙiya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

30/ Ga waɗanda ba su taso da ita ba: a da akwatin wutar gida yana da fiyus na tangaran, ana ɗaura masa wannan wayar. In wuta ta yi yawa, ita ce za ta narke ta yanke, kafin wayoyin bango su kama. Jan ƙarfe ce da aka shafe da kuza, kuzar ce ke ba ta farin ƙyallin nan, take kuma hana ta saurin dafewa.

31/ Na fito da fensir da rula a gabansa, Alhaji na kallona yana murmushi. Mai amfiya 5 ta ba ni kusan 0.21, wato geji 35. A ma'aunina igiya ce mai santimita 4.2, ni kuma 5 na zana. Mai amfiya 15 rabin milimita ce, na ce wannan ta yi min makarin gefen gada. Kati huɗu na ɗauka, kuɗinsu bai kai na adaidaitar da ta kai mu ba.

32/ Tunda maganar ta zo: don Allah in gidanku har yanzu irin wannan fiyus ɗin ne, kada a riƙa cusa masa duk wayar da aka tsinta in ya ƙone. Mai kauri ba za ta narke ba, bango ne zai yi zafi. Alhajin ya ce in faɗa wa mutanen "wayar hannunku", to ga shi na isar.

33/ Yanzu aikin hannu. Tana fitowa daga kati a lanƙwashe take. Yanki kamar santimita 40, ɗaura baki ɗaya a ƙarfen taga, kama ɗayan da filaya, ja a hankali. Za ka ji ta ɗan ba da kai kaɗan, to tsaya nan. Ta miƙe kenan kamar allura, har ta ƙara tauri, don jan ƙarfe in aka ja shi taurara yake yi.

34/ Daga nan kada yatsa ya sake taɓa ta, gumi na kashe ƙyallin. Da hantsaki za ka riƙa ɗauka. Shimfiɗa ta a kan gilashi ko tayil, ka yanka da reza daidai tsawon da ka auna. Hudar da za ta shiga kuma da allura za ka yi ta, tun kafin ka kafa ginshiƙin.

35/ Gam ɗin sufa gulu ne, amma kada ka ɗiga daga bakin robar. Zuba ɗigo a kan leda, ka taɓo da tsinken sakace, ka kai bakin hudar. In ya yi yawa yana barin wani farin hazo a kewaye, kuma a hoto shi za a fara gani.

36/ Ka fara da gajerun igiyoyi na kusa da ginshiƙi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kana fita waje. In ka gama gefe ɗaya kafin ɗayan, ginshiƙin zai karkata. Haka ake gina na gasken ma, ana ƙara titi da igiya a ɓangarorin biyu bi da bi don nauyi ya daidaita. A aji an faɗa mana, amma a kan kwalin nan na ji shi a hannuna.

37/ Dare uku na yi a kan igiyoyi 24, biyu daga ciki da fitilar wayar hannu a bakin ƙanena saboda an ɗauke wuta. Allah ya saka masa, duk da ya ce bashi ne. Ranar kaiwa na sa ta a kwalin firinta, na rungume a bayan adaidaita, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar a haƙarƙarina.

38/ A wajen karewa ɗaya daga cikin malaman ya sunkuya har gilashinsa ya kusa taɓa igiyoyin. Ya ce, "Wannan daga waje kika yi odarta?" Na ce a'a Malam, daga Sabon Gari. Ya tambayi kaurin. Na nuna masa inda na rubuta a gindin samfurin: zane santimita 5, samfuri 4.2. Ya gyaɗa kai ya yi rubutu.

39/ Sakamako bai fito ba tukuna, ku sa ni a addu'a 🤲🏽 Amma abin da na fito da shi daga kwanakin nan shi ya sa na zauna rubuta wannan. Abu ɗaya nake nema, a gari ɗaya, kuma yana nan tun ranar farko. Kowace sana'a dai da sunan da take kiransa.

40/ Masunci ya san shi da milimita. Mai jita ya san shi da tsirkiya ta ɗaya. Mai naɗin kwail ya san shi da geji. Mai kayan wuta ya san shi da amfiya. In ka shiga kasuwa kana cewa "siriri mai ƙyalli", kowa zai miƙo maka abin da ke kusa da hannunsa. In ka kira lambarsa da yarensa, sai ya sa a hau benci.

41/ Kuma ku riƙa nuna hoton abin da kuke ginawa. Dattijon nan mai kwail bai taɓa shiga ajin zane ba, amma shekarunsa nawa yana murza waya tsakanin yatsu biyu. Minti biyu ya yi da hoton ya warware abin da ya cinye min mako guda, ya kuma tura ni shagon da ba nasa ba. Na koma na nuna masa gadar da aka gama, ya kira maƙwabtansa su gani.

42/ A taƙaice, ga mai sauri:
Fari mai ƙyalli da araha: wayar fiyus mai amfiya 5
Fari, miƙaƙƙe, in akwai kuɗi: tsirkiyar jita ta ɗaya
In launin ja bai dame ka ba: wayar kwail, geji 33 zuwa 36
Abin da ba ka so a gani: zaren fatsa
Zaren surfani: a bar wa riga kayanta

43/ 'Yan aji biyu da za ku yi wannan aikin baɗi, kada wanda ya canja zanensa saboda waya. Akwai ragowar kati ɗaya da rabi a wajena, duk mai so ya yi min magana a sitidiyo, kyauta ne. Wanda kuma ya san wata dabarar da ban ambata ba, musamman 'yan Zariya da Jos, ya ajiye ta a ƙasa mu ƙaru.